Jika ɗaya naira nawa? Labarin canji tsakanin sefa da naira

Ƴan uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, ya san abin da ake farawa da shi. Kafin mutum ya kwance bakin buhu ko ya saki igiyar ragonsa, sai ya biya wajen ɗan canji ya tambaya: "Yau jika naira nawa take?" Amsar da ya samu ita ce za ta nuna ko zai koma gida da fara'a.

Iyayenmu ba haka suke tambaya ba. Su abin da suke cewa shi ne: "Naira ɗaya dala nawa?" A zamaninsu naira ce babba, sefa ke bin ta. Cikin shekaru kamar 40 tambayar ta juye. Yadda aka yi ta juye, da abin da juyewar ta yi wa wakenmu, da bisashenmu, da maganin ƴaƴanmu, shi ne za mu duba a wannan shafi.

Mu tuna da lissafinmu tukuna. Dala ɗaya tamma 5 ce. Jika ɗaya dala 200 ce, wato tamma 1000. Lambar da ke rubuce bisa takardar kuɗi tamma take nufi. Farashin canjin da za mu kawo a nan na kasuwar ƴan canji ne, an kuma kimanta shi ne bisa shekara, domin a kasuwa kowace safiya da nata farashi.

Kuɗi biyu, hali biyu

An ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945, zamanin mulkin mallaka. Tun ran nan aka ɗaure ta ga kuɗin Faransa. Daga 1960 har zuwa farkon 1994, tamma ɗaya ta Faransa tana daidai da tamma 50 ta sefa, ba ta gaba ba ta baya. Bankin da ke fitar da ita shi ne BCEAO, mai babban gida a Dakar, kuma ƙasashe 8 ke tarayya a kanta: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo.

Naira kuwa ƙanwa ce a shekaru. Ranar 1 ga Janairu 1973 ta fito, ta maye gurbin fam da sule. Naira 2 aka ba da a kan fam ɗaya. Ba a ɗaure ta ga kuɗin wata ƙasar Turai ba. Ƙarfinta yana zuwa ne daga man fetur, domin mafi yawan dalar Amurka da Nijeriya ke samu daga mai take fitowa. In mai ya yi tsada a duniya, dalar Amurka ta wadata a hannun gwamnati, naira ta zauna. In mai ya faɗi, dalar Amurka ta yi wuya, kowa ya shiga nemanta, naira ta bi ƙasa. (A lura: dalar Amurka daban, dalarmu ta tamma 5 daban.)

Ke nan saniya ɗaya a turke take, ɗaya kuma a sake. Ta turke ba ta motsi sai in an gusa da turken. A tsawon rayuwar mafi yawanmu sau ɗaya aka gusa da shi.

Zamanin da naira take sarauniya

Naira ta zo da sa'a. A ƙarshen 1973 farashin mai ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, kuɗi suka cika Nijeriya. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. A banki tana sama da tamma 350. A hannun ƴan canji ba ta kai haka ba, amma tana sama da tamma 200, wato fiye da dala 40. Takardar naira 20 da ta fito a 1977, wadda ake kira Murtala saboda hoton da ke jikinta, ta fi jika 4 a lokacin. Ɗan ci-rani da ya komo daga Kano ko Legas da Murtala goma a aljihu ya komo da abin faɗi.

Shanunmu da tumakinmu da wakenmu suka kama hanyar kudu, domin can ne mai saye yake da kuɗi. Samari suka bi su. Kuma tun a lokacin akwai farashi biyu, na banki da na kasuwa. Dalili shi ne gwamnatin Nijeriya ta tsaurara fitar da kuɗin waje. Ɗan kasuwar Kano da ke son sayo kaya daga Turai bai cika samun kuɗin waje a bankinsu ba. Amma in ya samu sefa, za a iya juya masa ita ta koma kuɗin Faransa. Sai ya zo da naira yana neman sefa, ko da zai biya da tsada. Wannan buƙata ce ta raya kasuwar ƴan canji, daga Wapa ta Kano har zuwa Maraɗi, Ƙonni da Damagaram.

1984: shekarar El Buhari

Daga 1981 mai ya fara faɗuwa. A farkon 1983 aka kori baƙi marasa takardu daga Nijeriya, ƴan uwanmu da yawa suka komo gida. Amma abin da tsofaffi ba su manta ba shi ne na 1984.

A watan Afrilu na shekarar, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta kuma rufe iyakokin ƙasa. An ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsohuwar naira banki. Wanda ke cikin Nijeriya ya sha layi, amma yana da hanya. Wanda ke wannan gefe fa? Iyaka a rufe, banki a can ƙetare. Mutum ya sayar da sa, ya naɗe kuɗin cikin tsumma ya sa ƙarƙashin tabarma, ya wayi gari takardun sun zama abin wasan yara. Wasu sun karyar da tasu da mummunar hasara ga masu iya bin hanyar daji. Wasu ko wannan ba su samu ba.

Sai kuma damina ta ƙi. Farin 1984 ya ƙone hatsi, ya kashe bisashe. A da in gona ta gaza, sai a kora ɗan akuya kudu a komo da masara ko garin rogo. A wannan karo ƙofar a kulle take. Shi ya sa a wurare da dama na ƙasarmu aka sa wa yunwar suna El Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 1986, a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Muna jan hankali a kan wannan shekara ne domin abin ya so ya maimaita kansa. A ƙarshen 2022 an sake fasalin takardun naira 200, 500 da 1000, aka sa wa tsofaffin wa'adi a farkon 2023. Tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwanni, ciniki ya tsaya, har sai da kotun ƙoli ta Nijeriya ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Waɗanda suka ji labarin 1984 daga bakin iyayensu ba su yi mamaki ba.

Gangarowa

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Babangida ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, cikin shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP. Ga yadda naira ɗaya ta yi ta sauka a hannun ƴan canji:

1980: sama da tamma 200
1985: wajen tamma 120
1987: wajen tamma 55
1990: ƙasa da tamma 30
1993: wajen tamma 8

Cikin shekara 13, abin da ya fi dala 40 ya koma dala ɗaya da rabi.

Mai saye ya ji daɗi, wannan gaskiya ce. Sabulu, atamfa, takalmin roba, kwanon sha, kananzir da man ruwa-ruwa suka cika kasuwanninmu da araha. Takin zamani da gwamnatin Nijeriya ke sayar wa manomanta da rangwame ya riƙa tsallakowa, manoman Maraɗi da na fadamun Tawa suka samu taki a farashin da ba za su samu a wani wuri ba. Masu noman rani da injin ban-ruwa su ma sun amfana da man araha. Rangwamen takin ya tsaya a 1997, aka ji a jika har nan.

Amma mai sayarwa ya sha wuya. Mahaucin Legas da naira yake saye. In naira ta faɗi, ko ya biya kuɗin da ya saba biya, abin da ke isowa hannun makiyayi cikin sefa ya ragu. Masana'antun ƙasarmu ƴan kaɗan, masu yin yadi da sabulu da man gujiya, suka kasa gogayya da kayan kudu. Duwan ta rasa kuɗin shiga, domin kaya sun koma bin hanyar daji. Farkon shekarun 1990, lokacin da ma'aikata ke yin watanni ba albashi, wannan yana cikin dalilan, ko da yake faɗuwar kuɗin uraniyom ta fi shi nauyi.

12 ga Janairu 1994

An daɗe ana raɗe-raɗin za a karya darajar sefa. Masu kuɗi suka riƙa kwashe takardun sefa suna kai su Turai, har a watan Agusta na 1993 BCEAO ta daina fansar takardun da aka fitar daga ƙasashen sefa. Ranar 11 ga Janairu 1994 shugabanni suka yanke shawara a Dakar, ciki har da na Nijar a lokacin, Mahamane Ousmane. Kashegari tamma ɗaya ta Faransa ta koma tamma 100 maimakon 50. An raba darajar sefa biyu cikin dare ɗaya.

Jikar da ke aljihunka ba ta canza kama ba, lambarta tana nan. Abin da take iya sayowa daga waje ne ya koma rabi. Shinkafar waje, garin alkama, madarar gwangwani, kayan gyaran mota, duk suka tashi. A wannan shekara tsadar kaya a Nijar ta ƙaru da sama da kashi 30 cikin 100.

A bakin iyaka kuwa sai labari ya sha bamban. Naira ta haura dala 2 a watannin farko. Ɗan kasuwar Nijeriya ya ga sa da rago da wake na Nijar sun yi masa sauƙi, sai ya shigo da ƙarfinsa. Farashin bisashe ya tashi, makiyaya suka numfasa. Albasar Galmi ta samu ƙarin kasuwa a Abijan da sauran biranen gaɓar teku, domin albasar Turai ta yi tsada.

Sai dai daɗin bai daɗe ba ta gefen naira. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafe farashin banki a kan naira 22 ga dalar Amurka, amma kasuwa ba ta saurare ta ba. Tsadar kaya a Nijeriya ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995, naira ta ci gaba da sauka. A wannan shekara naira ɗaya ta koma wajen tamma 6, ƙasa da inda take kafin a karya sefa. Shekara biyu ba ta cika ba. A ganinmu wannan ne abin da ya fi cancanta a riƙe daga 1994: shawarar da shugabanni suka taru a Dakar suka yanke, kasuwar Wapa ta warware rabonmu a cikinta ba tare da an yi taro ba.

Abin da ya faru da magani

Inda karya sefa ya fi ciwo shi ne wajen magani. Kusan duk maganin da ake sha a ƙasarmu daga waje yake zuwa, mai yawa daga Faransa. Da aka raba sefa biyu, kuɗin sayo shi ya ninka. Uba ya karɓo takardar magani daga likita, ya je shago, a gaya masa kuɗi, ya sayi rabi ya bar rabi. Yaro ya sha magani na kwana 2 maimakon na kwana 5, ciwo ya lafa ya sake dawowa.

Daga nan ne hukumomin lafiya suka dage a kan maganin da ba ya ɗauke da sunan kamfani. Ma'anarsa ita ce: ƙwaya ɗaya tana iya samun suna biyu, sunan sinadarin da ke ciki da sunan da kamfani ya laƙaba mata. Nivaquine sunan kamfani ne, kulorokin shi ne sinadarin. Aikinsu ɗaya, amma mai sunan kamfani ya fi tsada nesa ba kusa ba. (An daɗe da barin kulorokin wajen maganin zazzaɓin sauro a ƙasarmu, domin ciwon ya daina jin sa. Misali kawai muka ba da.) A 1995 aka kafa dokar da ta ce mara lafiya zai biya wani abu a likita, a riƙa sabunta magani da kuɗin. Har yanzu wanda aka rubuta wa magani yana da damar tambaya ko akwai irinsa marar sunan kamfani.

Amma akwai wata ƙofa da ta buɗe. Maganin shago ya yi tsada, naira ta yi araha, sai maganin tebur da na tire ya bazu a kowace kasuwa da kowace tasha. Ba duk maganin da ya fito daga Nijeriya ne marar kyau ba, akwai kamfanonin kirki da hukumar NAFDAC ke sa wa ido. Matsalar tana ga wanda ya biyo ta daji, ya kwana cikin rana a kan tire, ba kwali, ba takarda, ba ranar ƙarewa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana a 2017 cewa a ƙasashe irin namu, cikin magani 10 wajen ɗaya jabu ne ko bai cika inganci ba. Duk lokacin da naira ta faɗi, mai tire yana samun kayansa da sauƙi, tazarar da ke tsakaninsa da shagon magani tana ƙaruwa, talaka kuma yana ƙara karkata gare shi. Mun san halin da ake ciki, ba mu zargin uwar da ke da dala 20 kacal a bakin zane. Amma yaro mai zafin jiki likita ya kamata a kai shi a gwada jininsa. In kuwa dole sai an sayi magani, a duba ranar ƙarewarsa, a ƙi wanda ba shi da kwali.

Haka maganin ƙwari. Wanda ake kira fiya-fiya yana shigowa da araha, wasu suna zuba shi cikin waken da za a ci. Guba ce ga mai ci, hasara ce ga mai sayarwa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda irin wannan sinadari.

Shekarun da aka ɗan huta

Ranar 1 ga Janairu 1999 aka mai da ɗaurin sefa ga yuro, sabon kuɗin Turai. Yuro ɗaya tamma 655,957, wato tamma 656 in an cike, kuma a nan take har yau. Naira ta ci gaba da sauka amma a hankali: wajen tamma 6 a 2000, ƙasa da tamma 4 a 2008, wajen tamma 3 a 2014. Wani abin lura shi ne a wasu shekarun naira ba ta faɗi gaban dalar Amurka ba, yuro ne ya yi ƙarfi ya ja sefa sama. Saboda haka abin da ke faruwa a Turai ma yana isowa kasuwar Ɗan Isa.

Kuma canji ba shi ne komai ba. A 2005 naira ba ta yi wani babban motsi ba, amma hatsi ya yi tsada a Arewacin Nijeriya, cimakar da ta saba zuwa mana daga kudu ta yanke, yara suka tagayyara a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Daga 2016 zuwa yanzu

Mai ya sake faɗuwa daga ƙarshen 2014. A watan Yuni na 2016 aka sake sakin naira. Jika ɗaya da take wajen naira 340 a 2014 ta kai wajen naira 800 a farkon 2017. Kasuwannin bisashe suka yi sanyi, dillalai suka rage zuwa, makiyayi ya sayar da tunkiya biyu don ya sayi hatsin da ɗaya ke saya masa a da. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta sake rufe iyaka. Wajejen 2022 naira ɗaya ta sauka ƙasa da tamma ɗaya a kasuwar canji, abin da kakanninmu ba za su yarda da shi ba in an gaya musu.

2023 ta zo da abubuwa uku a jere. A ƙarshen Mayu sabon shugaban Nijeriya, Bola Tinubu, ya cire rangwamen man fetur. A Yuni aka saki farashin naira na banki. A ƙarshen Yuli, bayan sauyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. A 2024 da 2025 jika ɗaya ta yi ta yawo a wajen naira 2500. Murtalan nan da ya fi jika 4 a 1980, a wannan farashi bai kai dala 2 ba. Takardar naira 1000 da ta fito a 2005 tana sama da jika 3 da rabi, ta koma wajen dala 80.

Ɗan ci-rani shi ne ya fi ji. Ko an ƙara masa lada a can, abin da ke isowa gida ya ƙanƙance. Wannan yana cikin abin da ya sa samari da dama suka juya akala zuwa Abijan inda ake biya da sefa, ko Libiya da Aljeriya, ko wuraren haƙar zinariya na arewa, da duk haɗarin da ke cikin waɗannan hanyoyi.

Man ruwa-ruwa da masu injin ban-ruwa suka dogara da shi ya daina araha bayan cire rangwame. Hatsi kuwa ƙarfin sefa ya riƙa jawo shi daga kudu, har a farkon 2024 hukumomin Nijeriya suka riƙa tare motocin cimaka kafin su ƙetaro. Gwamnatin Nijar ita ma ta hana fitar da hatsi da wake a watan Oktoba na 2024, ta kuma hana fitar da bisashe gabanin babbar salla ta 2025. Saboda haka kafin a ɗora kaya a mota, a fara tambayar ma'aikatan duwan ko na gidan gona abin da doka ta yarda da shi a wannan lokaci. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, amma ba ta fita daga tarayyar sefa ba.

Mu yi lissafi tare

Ga inda hasara take ɓuya. Canji yana iya motsawa cikin yini ɗaya, amma farashin kaya a naira a hankali yake bin sa. Kafin ya cim masa, wanda ya karɓi naira shi ne ke biyan bambancin.

Hanyar lissafin ɗaya ce. A ɗauki yawan nairar da aka taya, a raba ta da farashin jika na ranar. Abin da ya fito shi ne yawan jikunan da za a samu.

A ce an taya rago naira 200000. In jika tana naira 2000, an samu jika 100. In jika tana naira 2500, an samu jika 80. Rago ɗaya, tayi ɗaya, amma jika 20 ta tafi. Kuma ɗan canji yana da farashi biyu, na saye da na sayarwa, ribarsa tana tsakani. A tambaye shi farashin da zai ba da sefa, ba wanda zai karɓe ta ba. A tambayi mutum biyu ko uku. A cire kuɗin mota da na la'ada da na kan hanya, sa'an nan a gwada da abin da aka taya a kasuwar gida.

Ga misali na biyu, da farashin da aka yi da gaske. A ce manomi ya sayar da shanu a watan Mayu na 2023 ya karɓi naira 500000. A lokacin jika tana wajen naira 1250. Da ya canza nan take, jika 400 ke nan. Sai ya ajiye nairar yana jiran lokacin biki. A Fabrairu 2024 jika ta haura naira 2500. Kuɗinsa sun koma jika 200 ko ƙasa da haka. Ba ɓarawo, ba gobara, rabin dukiya ya tafi cikin wata 9.

Kada kuma a ɗauka kullum ƙasa take yi. A watan Afrilu na 2024 naira ta farfaɗo ƙwarai, jika ta sauka ƙasa da naira 2000, bayan ƴan makonni ta sake komawa. Wanda ya ce ya san farashin gobe, cika baki yake yi. Abin da tarihin shekara 50 ya nuna kawai shi ne farfaɗowar takan zama gajeriya, gangarowar kuwa doguwa.

Shi ya sa shawararmu take haka. Wanda ya karɓi naira kuma yana da abin saye a can, kamar taki ko masara ko kayan aikin gona, ya saya a ranar, ya huta da biyan ɗan canji sau biyu. Abin da ya rage ya mai da shi sefa kafin ya kwana, ya sa a asusu ko ya sayi ƴar akuya. Wanda zai ba da bashi ko zai sayar da kaya sai an jima a biya, a yi magana a kan sefa, a rubuta a takarda gaban shaidu, domin rigimar "naira na ba ka, naira zan karɓa" ta raba ƴan uwa da yawa a garuruwan bakin iyaka.

Mai wake kuwa yana da abin da mai rago ba shi da shi: wake ba ya cin ciyawa. In kaka ta zo daidai da faɗuwar naira kuma tayi bai yi ba, buhun nan mai ruɓi uku da aka fara yaɗawa a ƙasarmu wajejen 2008 yana ajiye wake wata da watanni ba tare da an zuba magani ba. Sharaɗinsa shi ne waken ya bushe sosai, ledojin ciki biyu su kasance ba huji, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban, a ɗora buhun bisa katako nesa da ɓera. Ƙungiyoyin manoma da ke jinginar da amfanin gona su karɓi bashi sun san wannan hanya, kuma malamin gona na gundumarku zai iya nuna inda ake samun buhun.